Shuni a Bakin Safi

"Kwanto ta."

Baraka ta ɗago kai daga ɗinkin da ke kan cinyarta. Yaya Dela ce tsaye a kanta, yayar marigayi mijinta, ko sallama ba ta yi ba. A bayanta ga Hanatu, ɗiyar Delar, ta harɗe hannuwa tana kallon sama kamar ba ita ta kai labarin ba.

"Na ce ki kwanto ɗiyar nan in gani."

Baraka ta soke allura a gefen zanenta, ta kwance majanyi. Yarinyar ta sauko da barci a ido, ta buɗe baki za ta yi kuka. Leɓunanta shuɗi, dasashinta shuɗi, har ƙasan haɓa.

Dela ta yi salati.

Cikin sanyin murya Baraka ta yi bayani. Turkudi take ɗinkawa, kuma kowa ya san turkudi, shuninsa ba ya barin hannun da ya taɓa shi. Yarinya ta farka da yunwa tana tsakiyar haɗa wuyan riga, sai ta ba ta nono ba ta tashi ta wanke hannu ba. Iyakar abin ke nan.

"Hannu kaɗai?" in ji Hanatu. "Inna, dubi wuyanta. Ni ban taɓa jin an yi ɗinki da wuya ba. Duk Birnin Lalle an san mai rigar, an kuma san sau nawa yake zuwa dubinta."

Baraka ta shafa wuyanta. Zufa ta share tun da hantsi, ba ta ma lura ba.

Dela ta saɓa yarinyar a kafaɗa.

"An yaye ta daga yau. Jinin ƙanena ba zai tashi tsakanin allura da baƙin maza ba."

Watan yarinyar, Safi, goma sha biyar a duniya.

Baraka ba ta hana ta ba. Safi ɗiyar fari ce. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta cewa nawa ne. Haka uwarta ta yi mata, haka kakarta ta yi wa uwarta. Ta tsaya da majanyi a hannu har kukan ya fita ƙofar gida.

Sannan ta zauna ta zare allurar, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba.

Ɗinki aikin maza ne a garin, kuma ba da niyya ta shige shi ba. Mijinta Harisu shi ne maɗinki. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, hannunsa ya kama rawa, sai ya riƙa gwada mata daga kan tabarma: ga yadda ake haɗa sawaye, siraran ƙyallen saƙa, baki da baki, ga yadda ake juya wuya. Shekara guda tana ɗinki a ƙuryar ɗaki ana kai wa mutane da sunansa, ya kuma roƙe ta kada danginsa su ji. Ya rasu cikin Safi na da wata bakwai. Da ta fita takaba ta fito da allurar fili, mutane suka yi surutu, suka gaji, suka ci gaba da kawo aiki.

Tun daga nan ranakunta iri ɗaya ne. Ta ɗebo ruwa da goyo, ta yi daka da goyo, ta zauna ɗinki tana jijjiga baya. Ta ɗinka taki ɗaya, kuka. Ta ajiye, ta shayar, ta nemi inda ta tsaya, zare ya harɗe. Almakashi kullum a saman danga don kada ƙaramin hannu ya kai gare shi. Kafaɗarta ta dama ta daina yi mata ciwo, ta koma kamar ba tata ba.

A cikin wannan hali Abarci ya shigo rayuwarta. Mai sayen dabbobi ne daga makiyayan Azagor yana kawowa kudu, dogo, mai jinkirin magana, matarsa ta rasu ba haihuwa. Wando ya fara kawo mata gyara. Ya dawo da taguwa. Ya dawo da wandon nan dai, wanda ita ta san da wuƙa aka farke shi. Daga ƙarshe ya zo da turkudi mai ƙyalli da ya saya wajen ayari, ya ce riga yake so, kuma ba ya sauri. A bakin danga yake tsayawa. Ba ya cika ta da zance, sai ya tambaye ta ko ta ci abinci, ya jira amsar.

Shekara biyu ba wanda ya yi mata wannan tambaya.

Hanatu kuwa, tun da aurenta ya mutu ta dawo gida, ta sa ido a kansa. Sau biyu tana aika masa fura, sau biyu ƙwaryar na dawowa da godiya kawai.

Gidan Dela gida uku ne daga nata. Rana ta farko Baraka ta ji kukan tun safe har la'asar. Ta ɗinka hannun riga a juye, ta warware. Rana ta biyu nono ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta, ta ci gaba da ɗinki. Saƙon innarta ya iso daga Sabon Maci ta bakin wata mai tallan daddawa: ta bar musu ɗiyarsu, ai dama tasu ce, ta jefar da allurar nan, ta fita hanyar mutumin da gidansa ke bayan raƙumi, ta dawo gida a nema mata manomi.

Rana ta uku Abarci ya dawo daga arewa. A kasuwa ya ji an ce an yaye ɗiyar Baraka, bai tsaya jin saura ba. Ya iso bakin danga da cuku, busasshiyar madarar makiyaya, ƙunshe a tsumma, fuskarsa a sake.

"Barakata... an ce an yi yaye. Ashe hanya ta buɗe. Gobe in tura manya?"

Ta dube shi. Ta shiga ɗaki, ta fito da rigar a naɗe, hannu ɗaya ba a ɗinke ba, ta miƙa masa ta saman danga.

Sai a lokacin ya ga gaban zanenta jiƙe sharkaf, ya ga idanunta. Daga gida na uku wata 'yar murya ta taso, a dishe.

"Ban sani ba," ya ce.

"Ba ka tambaya ba."

Ta gaya masa komai, a taƙaice, ba hawaye. Ya ce to mi ya hana ta tafi ta ɗauko abarta.

"Da wane baki? Ko sunanta ban taɓa faɗi ba."

"In zuwana ne ya jawo miki, sai in daina zuwa. Zan iya... ina jin zan iya."

"Ka zo ko ka daina, Abarci, ni dai na gaji. Na gaji ƙwarai."

Ya daɗe tsaye da rigar a hannu. Ya ɗora cukun a kan danga, ya tafi.

Rana ta huɗu kukan ya ragu. Wata maƙwabciya ta ce yarinyar ta ƙi kunu, ta ƙi fura, ko ruwa sai an ɗura. Baraka ta fi son kukan da wannan shirun. Sau uku tana tashi har ƙofar nata gidan, sau uku tana komawa ciki.

Da hantsin rana ta biyar aka aiko kiranta gidan Jimrau, babban wan marigayi, wanda maganarsa ce ƙarshe a dangin. Abarci ne ya roƙi zaman. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin aduwa, maza gefe, mata gefe. Dela na goye da Safi, kan yarinyar ya langaɓe.

Abarci ya gaida Jimrau, ya miƙa masa rigar ya ce ya duba masa ɗinkin, shi bai san na kirki ba. Jimrau ya warware, ya bi layin zaren da yatsa, ya juya ciki. Abarci kuwa ya shiga ba shi labarin rijiyoyin Dakoro, wadda ta ƙafe da wadda ta rage, da raguna, da hanya, a hankali kamar ba abin da ya tara su. Rana ta ɗaga. Jimrau ya share goshi, ya shafa gemu, ya sake sharewa.

Wata tsohuwa ce ta fara ƙyalƙyalewa.

Farin gemun Jimrau ya koma shuɗi, goshinsa ma haka, har bayan kunne.

"Baba Jimrau," in ji Abarci, "ina fata ba za a ce ni da kai ma akwai wata magana ba."

Dariya ta kama wurin. Hanatu ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta tashi.

Dela ba ta yi dariya ba. Ta ce ta ji, an wanke zargin wuya. Amma uwar da allura ta hana ta tashi ta wanke hannu fa? Kuma kwana biyar ke nan, ko inuwarta ba ta gani a ƙofarta ba. Wadda ke son ɗiya haka take yi?

Jimrau ya juyo. "Baraka, mi kika ce?"

Kowa ya san amsar. Ɗiyarku ce, yadda kuka yi daidai ne. Haka mace mai kunya ke cewa, sai a yaba mata, a tashi.

"Ɗiyarku ce..." ta fara.

Jin muryar, kan da ya langaɓe ya motsa. Yarinyar ta juyo, ta buɗe baki, sauti bai fito ba.

"Safi."

Tsohuwar nan ta rufe baki da hannu.

"Safi, taho. Safi tawa..." Baraka ta miƙe. "Yaya Jimrau, ku ba ni ita. Ku kira ni marar kunya har in mutu, na yarda. Ku ba ni ita."

Dela ta ce sai dai in za ta ajiye allura.

"In na ajiye, mi za ta ci, Yaya? Allurar nan ta ciyar da ƙanenki shekara guda yana kwance. Rigar da Yaya Jimrau ya yi Sallar bara waccan da ita, ni na ɗinka. Marigayi ne ya ce kada in faɗa, don kada ku ga gazawarsa. Yau na faɗa. Allah Ya gafarta mini."

Jimrau ya sake duban layin zaren da ke hannunsa. Ya daɗe yana dubawa.

"Hannun ɗaya ne," ya ce a hankali.

Dela ta juya baya. Kowa ya ɗauka tafiya za ta yi. Sai aka ga tana kwance majanyi, hannunta na kuskure ƙullin. Ta miƙa yarinyar ba ta dubi Baraka ba.

Nan gaban maza da mata Baraka ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi, ta ba ta nono. Da farko Safi ba ta da ƙarfin kamawa. Sannan ta kama.

"Ki riƙa kawo ta da hantsi," in ji Dela. "Ki ɗauka da azahar. Ba don ke ba."

An yaye Safi a kan lokacinta, bayan an kai gero rumbu. Sati biyu da haka aka ɗaura auren Baraka da Abarci. Jimrau ne ya ba shi fili a bayan gidansa, bisa sharaɗin yarinya ta yini wajen gwaggonta ta kwana wajen uwarta. Innar Baraka ba ta zo ba. Ta aiko da ƙwarya da faifai, da saƙon cewa ta ji abin kunyar da aka yi a ƙarƙashin aduwa. A rijiya mata sun daɗe suna nuna Baraka da baki, ga mai kiran ɗiyar fari. Takan gaishe su ta ja gugarta.

Aiki bai ragu ba. Da Sallah ta matso, sawaye suka taru a ɗaki har bakin ƙofa, ga kuma wani cikin ya fara sa ta kasala. Wata rana bayan azahar ta dawo da Safi daga gidan Dela, ta tarar da Abarci zaune a kan tabarmarta, ya ɗora sawaye biyu a gwiwa, harshe a waje, yana soka allura kamar mai ɗinke salkar ruwa.

"Mi kake yi haka?"

"Taimako, sanyin idona."

Ta karɓa ta duba. Layin ya tafi, ya karkace, ya dawo, kamar sawun akuya.

"Na wane ne?" ta tambaya.

"Na Baba Jimrau."

Dariya ta zo mata, ba ta da ƙarfin yin ta. Ta mayar masa da ɗinkin, ta ce ya matse zaren kaɗan, ya bi bakin saƙar. Ta zauna ta jingina da bango don ta ga yadda zai yi, Safi ta hau cinyarta ta kwanta.

"Haka?" ya ce, bayan ɗan lokaci.



Ya ɗago kai. Uwa da ɗiya sun yi barci, bakin kowace a ɗan buɗe. Ya tashi a hankali ya gyara asabari don rana ta bar fuskarsu, ya dawo ya zauna, ya ci gaba da karkataccen layinsa.