Dunƙulen Sukari a Akwatin Baba Bassu

Ranar Asabar da hantsi Sufeto Miludi yana zaune a caji ofis na Azru, ya kai kofin shayi baki ke nan, sai ga Baba Bassu ya faɗo ba ko sallama, rawani a karkace, sanda a sama.

"Ɗana, an kashe ni!"

Sufeto ya dube shi sama da ƙasa. "To ga ka a tsaye, Baba. Zauna mu ji wanda ya kashe ka."

"Bindigata! An sace bindigata!"

Nan take Sufeto ya ajiye kofin. Duk Azru babu wanda bai san bindigar nan ba. Baba Bassu yana cikin mutanenmu na kan dutse da Faransa ta kwasa zuwa yaƙin Italiya, ya dawo da ɗingishi da kuma fistol ɗin wani hafsan Jamus. Shekara wajen arba'in ke nan yana ba da labarin a gidan shayin tsofaffin soja, kuma kowace shekara Bajamushen ƙara tsawo yake yi. Muna yara madaidaicin mutum ne. Yanzu sai ya sunkuya kafin ya shige ƙofar gari.

"Yaushe ka gan ta na ƙarshe?"

"Jiya da safe na shafa mata man zaitun. Na dawo daga Juma'a na tarar babu."

"Me ya hana ka zuwa tun jiya?"

"Gidan shayi na fara zuwa in faɗa wa 'yan'uwa. Da na sani da ban je ba." Sai yanzu tsohon ya zauna. "Ka san ranar Alhamis wani masani zai zo daga Rabat ya duba kayan yaƙinmu. Wanda ya tabbata na gaske ne, a sa shi cikin gilashi a sabon gidan tarihi, da sunan mai shi. Yanzu cewa suke ni na ɓoye ta da kaina, wai ta jabu ce, tsoron masanin nake ji. Ni Bassu!"

Sufeto ya daina murmushi. Tsohon ba shi da gona, ba shi da garke. Labarin nan shi ne abin da yake shiga taro da shi a ba shi wuri. In Alhamis ta zo babu bindiga, da sunan maƙaryaci zai ƙarasa kwanakinsa, kuma abin ya ba Sufeto tausayi ƙwarai.

"Wa ya fara faɗin haka?"

"Bakin kowa ne. Amma ai ka san wanda ya shuka maganar tun tuni. Sajan Akka, baƙin mahassadi. Tare muka je yaƙin, tare muka dawo, shi hannu rabbana. Tun ranar yake cewa bindigata ta maƙera ce."

"Mu je gidan."

Lalla Itto, matar Baba Bassu, ta tare su a tsakar gida tana ɓare wake.

"Lalla, ina kike jiya lokacin Juma'a?"

"Gidan wankan unguwa. Ranar mata ce."

"Kin kulle ƙofa?"

"In kulle don wa? Wa zai saci tabarmarmu?"

Akwatin yana ƙuryar ɗaki, na katako mai ƙamshi. Sufeto ya duba kwaɗon, babu ko ƙwarzane.

"Ina kake ajiye makullin, Baba?"

Tsohon ya nuna tsohuwar jallabiyarsa ta soja mai ratsi-ratsi, irin mai hula ɗinke a bayan wuya, rataye a bango. "Cikin hular jallabiya. A yaƙi nan muke ajiye komai, daga burodi har harsashi."

Sufeto ya buɗe akwatin. Ƙyallen da ake naɗe bindigar yana nan, an ninke shi tsaf. A kansa kuwa an kafa dunƙulen sukari, babba mai tsini, cikin shuɗiyar takardarsa, ko ɓantara ba a yi ba.

"Naku ne?"

"Mu da muke sayen gutsure?" in ji Lalla Itto. "Tun jiya nake cewa a ba ni shi in yi shayi, ya ce shaida ce."

Sufeto ya ɗaga sukarin yana jinjina nauyinsa. A wajenmu ba a shiga gidan mutum da dunƙulen sukari haka kawai. Ko neman aure, ko ta'aziyya, ko barka, ko kuma ka yi wa mutum laifi ka zo ba shi haƙuri.

"Shekarata ashirin ina wannan aiki," ya ce, "ban taɓa ganin ɓarawon da ya yi sata ya ba da haƙuri a lokaci guda ba. Wa kuma ya san inda makullin yake?"

Lalla Itto ta taɓe baki. "Tambayi Kaddur, mijin 'yarmu. Idonsa ya fi nawa sanin kayan ɗakin nan."

Kaddur yana da shagon darduma da tarkacen da yake sayar wa Turawa masu yawon buɗe ido. Duk abin da ke shagon, in ka tambaye shi, ya shekara ɗari biyu, har wanda aka saƙa makon jiya. Da ya hango Sufeto sai ya hau karkaɗe dardumar da ba ta da ƙura.

"Si Kaddur, ina kake jiya da azahar?"

"Masallaci, Yallaɓai. Sahun gaba."

"Ni ma sahun gaba nake."

"To, na biyu."

"Ka taɓa riƙe bindigar surukinka?"

"Ni? Ko kallonta ba na yi."

Sufeto ya zauna a kan darduma ya miƙe ƙafa. "Ina da lokaci. Kafin ka tuna, bari in aika kurtu ya kirawo Baturiyar da ka sayar wa tsohuwar fitila shekaranjiya, mu tambaye ta ko ta ga tambarin kanti a ƙarƙashinta."

Kaddur ya ajiye dardumar da yake karkaɗewa. "Yallaɓai, jiya barci na yi a shago, wallahi. Bindiga kuwa sau ɗaya na ɗauka, bara, lokacin da Baba yake asibiti. Na kai wa wani dillalin tsofaffin makamai a birnin Fas, don dai in ji farashi."

"Ya taya?"

"Dariya ya yi har da hawaye. Ya ce ta gaske kowane ɓangarenta lamba ɗaya ake buga masa, daga baki har kunama. Wannan kuwa lambar bakinta daban, ta jikinta daban, kunamar ma ba lamba. Mikiyar tambarin Jamus da ke gefenta ya ce da ƙusa aka zana ta, ta fi kama da zabuwa. Haɗe-haɗe ce, ko ɗan akuya ba za ta saya ba. Na mayar da ita a ranar."

"Ka faɗa wa wani?"

"In faɗa wa wa? Matata ta kore ni?"

Sufeto ya fito yana sosa ƙeya. Ashe masu tsegumin gidan shayi sun yi gaskiya ba su sani ba. Amma tsohon da ya gani da safe bai yi kama da wanda ya san haka ba. Wanda ya ɗauke bindigar ba don kuɗi ya ɗauka ba, kuma ya san makullin soja a hular jallabiya yake kwana.

Kantin Si Lahsan ne kaɗai ke sayar da sukari mai shuɗiyar takarda a unguwar. Si Lahsan kuwa bai taɓa manta fuskar mai ciniki ba.

"Wa ya sayi dunƙule guda a makon nan?"

"Matar mai gasa burodi, za su neman aure. Direban motar Miknas, matarsa ta haihu. Sai Sajan Akka."

"Akka? Shi da likita ya hana shi sukari?"

"Haka na ce masa. Mutumin da yake shan shayinsa da ɗaci kamar magani, kuma shi kaɗai yake zaune a gidansa. Ya ce ta'aziyya zai kai."

"Wa ya rasu?"

"Ni ma na tambaya. Ya ce in auna abin da aka sa ni, in bar gawar mutane ta huta."

Sufeto ya biya ta wajen liman, sannan ya ɗauki kurtu ɗaya suka nufi gidan shayin tsofaffin soja. La'asar ta yi, wurin ya cika. Baba Bassu yana can gefe shi kaɗai, shayinsa ya huce. Sajan Akka, dogo siriri, rawani har bisa gira, yana buga karta yana zagin abokin wasansa.

"Sajan, zo waje mu gana."

"Abin da za ka faɗa faɗe shi a nan, ɗana. Ba na jin raɗa."

"Ta'aziyyar wa ka kai da sukarin Si Lahsan?"

"Wani ɗan'uwa ne."

"Liman ya ce rabonsa da jana'iza tun kafin girbi."

"A ƙauye ne."

"Wane ƙauye?"

"Mai nisa."

"Sunan mamacin?"

Akka ya hau juya kartar da ke hannunsa. Sauran suka ajiye tasu.

"Sajan," in ji Sufeto a hankali, "tun da na shigo nake ganin hular jallabiyarka tana janka ta baya. Burodi ne ya yi wannan nauyin?"

Tsohon ya yi ajiyar zuciya, ya kai hannu baya ya zaro fistol ɗin, ya ajiye a kan tebur tsakanin kofuna.

Baba Bassu ya miƙe da sanda. "Ɓarawo! Na faɗa! Hassada ce!"

"Zauna, sakarai, kafin ƙafar taka ta kayar da kai," in ji Akka. "Na ɗauka don kada masanin ya gan ta. Na zaci za a ce an yi wa jarumi sata, a tausaya maka, a wuce wurin. Ban san waɗannan tsofaffin gulmammun za su juya maganar a kanka ba."

"Me zai faru in ya gan ta?"

"Zai yi dariya a gaban duk gari. Ba ita ba ce, Bassu. A jirgin ruwa muna dawowa zazzaɓi ya kwantar da kai, ba ka san inda kanka yake ba. Aka ce za a caje jakunkuna, wanda aka kama da makami sai kurkuku. Tsoro ya kama ni, na zare ta daga jakarka na wurga cikin teku." Ya sunkuyar da kai. "Cajen ma ba a yi ba. Da muka sauka Kasablanka na ba wani maƙeri a bayan tashar jirgi agogona, ya haɗa mini wannan daga tarkace. Na sa maka a jaka kafin ka farfaɗo."

Baba Bassu ya koma ya zauna.

"To don me kullum kake cewa ta maƙera ce?" Sufeto ya tambaya.

"Abin yana cina. In na faɗa sai in ji sauƙi. Kuma na san ba mai yarda da ni, kowa ya san ni da musu."

Daga bayan ɗaki wani ya yi ƙwafa. "Ashe labarin ma haɗe-haɗe ne."

Akka ya zabura, ya fizge rawaninsa ya jefar. Saman kunnensa na hagu babu shi, tabo ya tafi har cikin furfura.

"Wannan ma maƙeri ne ya haɗa? Zo ka taɓa! Ina kwance a rami, hafsan nan ya ɗora mini bakin bindiga a goshi. Bassu ya diro masa daga sama da shebur, ba ko makami a hannunsa. Harsashin da zai shiga kaina shi ne ya tafi da kunnen. Bindiga tana ƙasan teku, amma ni ga ni."

Mai shayi ya tsaya da buta a hannu har ruwan ya zuba a ƙafarsa.

Sufeto ya naɗe fistol ɗin a hankici. Ransa bai so ba, amma ƙara ta riga ta shiga. "Sajan, shiga gidan mutum a buɗe akwatinsa laifi ne, ko da sukari ko babu. Za ka biyo mu ka ba da bayani."

"Na sani. Mu je."

Kurtu ya kama hannun Akka. Sun kai bakin ƙofa sai sandar Baba Bassu ta doki ƙasa.

"Ku tsaya."

"Za ka janye ƙarar ne, Baba?"

"In janye me? Rabin rayuwata ina shafa wa tarkacen maƙera man zaitun na farkon matsa! Ya kwana biyu a can ya ji yadda ake ji." Ya ɗingiso ya ture kurtun. "Sake shi, yaro, ba ka iya ba. Gangaren caji ofis yana da santsi, jiri yake ji ta hagu. Ni na sauko da shi daga dutsen da ya fi wannan."

Ya saƙale hannunsa cikin na Akka, idonsa ya cika da ƙwalla yana harararsa.

"Sufeto, ka tabbata an sako shi kafin Alhamis, kuma kada a taɓa mini kunnen nan. Shi zan kai wa masanin ya duba. In ya ce na gaske ne, a sa shi cikin gilashin, a rubuta sunana a ƙasa."

"Allah ya kiyaye," in ji Akka. "In zauna ƙarƙashin sunanka?"

"A kansa," in ji Baba Bassu. "Kai ko karatu ba ka iya ba."

Haka suka gangara, mai ƙara riƙe da ɓarawonsa, kowa yana zagin ɗan'uwansa, Sufeto Miludi da kurtu suna biye a hankali don kada su wuce su.