Awa Takwas Zuwa Oslo

Ranar Asabar da la'asar, da suka dawo daga suna a unguwar Harlem, Hajiya Fauzia ta buɗe akwatinta ta tarar babu sarƙar gwal ɗin da ta sayo a Makka. Da safe ta gan ta, lokacin da take ɗaukar 'yan kunne. Ba a fasa ƙofa ba. Makullin gidan nasu na titin Grand Concourse huɗu ne: nata, na 'yarta Najat, na ɗanta Kadri, sai na Mariatu, matar da ke jinyarta tun da ɓarin jikinta ya shanye.

Kadri sati biyu ke nan yana Turai, wai kamfaninsu ya tura shi kwas. Don haka Najat ta kira Mariatu, ta sa ta zazzage jakarta a kan tebur. Carbi, katin jirgin ƙasa, rabin burodi.

"Shekara uku ina wa mamanki wanka, Najat," in ji Mariatu. Ta kwashe kayanta ta fita.

Hajiya ta rantse Litinin za ta kai ƙara ofishin da ya turo Mariatu. In ta kai, babu gidan da zai sake ɗaukar Mariatu aiki.

Rabin burodin nan ya tsaya wa Najat a rai. Lahadi da safe ta buga waya gidan da Mariatu ke aikin Asabar. Suka ce jiya tun takwas tana wurinsu har biyar. Maƙwabciyarsu Anti Akua ta ce da azahar ta ji an buɗe ƙofarsu da makulli, takun kuma mai nauyi ne.

"Mama, kin gaya wa Yaya Kadri?"

"Jiya tun safe nake kira, wayarsa a kashe."

Najat ta kira shi, ta buɗe muryar wayar yadda Hajiya za ta ji.

"Yaya, ina ka shiga jiya?"

"Ina cikin jirgi, ƙanwata. Kopenhagen zuwa Oslo."

"Wuni guda?"

"Na gaji paa. Awa takwas! Sau biyu suka ba mu abinci."

Najat ta runtse ido. Shekararta huɗu tana sayar da tikiti a filin jirgin JFK.

"Kilomita ɗari biyar ne da 'yan kai, Yaya. Awa ɗaya da minti goma. Ko shayinka bai huce ba an fara sauka."

"An yi mana jinkiri ne..."

"A sama? Har da abinci sau biyu? Jirgin Accra kaɗai ka taɓa hawa, labarinsa ka ba ni. Mariatu tana wurin aiki, ni ina tura keken Mama. Makulli ɗaya ya rage. Kana ina?"

Sai ya faɗi gaskiya.

Yana nan cikin gari, a unguwar Parkchester, a ɗakin abokinsa Gariba. Wata guda ke nan da aka sallame shi daga aiki, ya kasa haɗa ido da uwarsa, shi ne ya ƙirƙiro Turai. Sarƙar kuwa ya ɗauke ta ya ba da ita jingina a wani shago a Fordham Road.

Hajiya ta juya fuskarta bango. Can ta ce, "Najat, je ki gidan Mariatu. Kada ki yi mata waya. Da ƙafarki."

Najat ta je. A bakin ƙofa ta yi bayani, idonta a kan takalmanta. Mariatu ta saurara har ƙarshe.

"Hajiya ta sha maganin rana?"

"A'a."

"Hm."

Litinin ƙarfe bakwai ta iso kamar kullum. Sai dai ba ta zo da jaka ba. Carbinta da burodinta suna cikin farar leda da ake ganin komai, ta ajiye ta a tsakiyar tebur, a gaban Najat.