Tozon Sarkin Fawa

Da hantsi aka bugo waya caji ofis daga asibitin mishan, wai mahautan unguwar Coal Camp sun cika ƙofa suna neman gawar sarkinsu, likita kuma ya ce ba inda za ta sai 'yan sanda sun gani. Shekarar da ake shirin karɓar mulkin kai ce, Inugu ta cika da siyasa, kowa a wuya yake. Sufeto Zailani ne kaɗai mai jin Hausa a manyan ofishin, shi ya sa duk rigimar 'yan Arewa a kansa take ƙarewa. Ya ja tsaki, ya ɗauki hularsa.

Likita ya shigar da shi ɗakin ajiye gawa, ya yaye farin ƙyalle. Sarkin Fawa Hammadu ne kwance, ƙaton mutum, fuskarsa a murtuke kamar har yanzu yana jin azabar.

"Gwaiwa ce ta murɗe masa, hanji ya fara ruɓewa," in ji likita. "Na yanke inda ya lalace, na haɗa na ɗinke. Aiki ya yi kyau, har ya fara zama. Na ce kada ko ruwa ya wuce maƙogwaronsa sai na ba da izini. Jiya ciki ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Na sake buɗewa, na tarar ɗinki ya farke, cikin duk nama da kitse. Wani ya ciyar da shi."

"Da gangan?"

"Wannan kuma aikinka ne. Ni dai na san ya daɗe yana ihu kafin ya cika."

Sista Uzoamaka, mai kula da ɗakin maza, ba ta yi wata-wata ba. Ta ce duk mai shigowa dubiya ana laluba aljihunsa, mutum ɗaya ce kawai ba a taɓawa.

"'Yarsa Ramlatu. Mai gadi namiji ne, ba ya ɗaga mayafin mace. Ga abin da na tsinta a ƙarƙashin gado."

Ganyen ayaba ne, ya sha maiƙo, yana ƙamshin yaji.

Ramlatu na zaune a dandamalin baranda, wani kofur tsaye a kanta. Ita kaɗai ce 'yar mamacin, uwarta ta daɗe da rasuwa, kuma tun da aka kwantar da shi ba ta bar bakin ɗakin ba. Zailani ya san in ba a samu wani ba, ita za a gurfanar kan kisan mahaifinta.

"Ke kika ba shi?"

"Ban ba shi komai ba."

Ya ajiye ganyen a gabanta. Ta ƙura wa ganyen ido.

"Ni ce," ta ce a hankali. "Gasasshen tozo ne. Yunwa yake ji, ranka ya daɗe."

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Ina kika samo?"

Ta sunkuyar da kai. "A kasuwa na saya."

Kai, yarinyar nan ko ƙarya ba ta iya ba! Zailani ya ji tausayinta ya kama shi, amma tausayi ba ya hana aiki. Ya ce kofur ya tafi da ita caji ofis.

A bakin ƙofa wani dogon mutum ya tare shi, idanu jajur, carbi a hannu. Gimba ne, ƙanen mamacin, wanda ke riƙe da mahauta tun da yayansa ya kwanta.

"Ranka ya daɗe, a ba mu gawarmu mu sallace ta. Rana na yi. Musulmi ba ya kwana a kan tebur."

"Za a ba ku. Ka san likita ya hana shi cin abinci?"

"Ni? Ina na sani! Turancinsu nake ji?" Ya share ido da bakin riga. "Yarinta ce ta ja wa Ramlatu. Mu dai mun yafe mata, hukuma kuma ta yi abin da ta ga ya dace."

Zailani ya dube shi da kyau. Yayanka bai shiga ƙasa ba, har ka gama yafewa, ka kuma miƙa 'yarsa ga hukuma? Ya juya ya hau mota.

Kwata ya nufa. Jini da tumbi sun cika lambatu, ungulu na jere a kan rufin kwano. Ya tsaya gaban wani tsohon mahauci da ake kira Auta, suka gaisa a tsanake, ya yi masa ta'aziyya, sannan ya ce yana son tozo na gashi.

Auta ya yi murmushin takaici. "Lallai kai baƙo ne a nan. Tozo ai ba a sayar da shi a kwatar nan, ko Bature Razdan ne ya zo da kansa. Tun iyayenmu da suka kafa wurin, duk bijimin da aka kayar, tozonsa na Sarkin Fawa ne. Shi ke rabawa ga wanda ya so."

"To da yake kwance fa?"

"Sai wanda ya riƙe masa wuri. Gimba ke kwashewa."

"Shekaranjiya ma?"

"Shekaranjiya ma. Har na yi mamaki, don da kansa ya tsaya ya gasa, ya zabga yaji, ya naɗe a ganye. Mutumin da rabonsa da tsayawa gaban wuta tun muna samari."

Zailani ya koma asibiti, ya sake samun Sista.

"Ranar da likita ya kafa dokar abinci, wa ke wurin?"

"Ƙanen nan nasa. Turancin buroka yake yi kamar ɗan Anaca. Shi ya yi ta tambaya, wai in ya ci nama kaɗan fa, me zai faru? Likita ya zana masa hanji a iska da yatsa, ya nuna masa yadda zai fashe."

Bayan an dawo daga maƙabarta, mahauta suka taru a ƙofar gidan mamacin. Gimba na zaune a kan buzun yayansa yana karɓar gaisuwa, wasu har sun fara ce masa Sarki. Zailani ya bari aka shafa fatiha, sannan ya ce yana son ganinsa a caji ofis.

A ofis ya zaunar da shi, ya sa aka fito da Ramlatu. Da ta ga baffanta sai ta durƙusa ta gaishe shi. Wallahi abin ya ƙona wa Zailani rai.

"Gimba, ka ce ba ka jin Turanci. Sista ta ce da kai likita ya yi magana."

"Ta manta ne."

"Ramlatu ta ce a kasuwa ta sayi tozo. Ana sayar da tozo a kwatarku?"

Gimba ya ci gaba da jan carbinsa.

"Da tsoka ka ba ta, ko hanta, da yanzu ban san inda zan nufa ba, don kowa na iya saye. Amma hannunka ya saba, abin Sarki sai tozo. Auta ya gan ka kana gasawa." Ya juya ga yarinyar. "Me ya ce miki?"

Ta ɗago, hawaye na zuba. "Ya ce da gangan suke hana Baba abinci, don ba namu ba ne, so suke yunwa ta kashe shi. Ya ce in ɓoye a mayafi. Ya sa na rantse ba zan ambaci sunansa ba, wai kada a kore shi daga dubiya."

"Ka san hanji, Gimba. Kullum hannunka na cikinsa."

Gimba ya ajiye carbin a kan tebur. Kukan ƙaryar ya tafi, fuskarsa ta bushe.

"Na sani mana," ya ce. "Tun muna yara nake riƙe masa ƙafar bijimi, shi yana yanka. Furfura ta fito min, a gaban mutane yana kirana yaro. Da aka shiga da shi tiyata na ce shi ke nan, lokacina ya zo. Sai ga shi ya tashi zaune yana ba da umarni." Ya nuna Ramlatu da haɓa. "Amma ka rubuta da kyau, Sufeto. Hannuna bai taɓa shi ba. 'Yarsa ce ta sa masa a baki."

Ramlatu ta yi wata ƙara, ta dafe kai. Zailani ya ji kamar ya kwaɗa wa mutumin mari, ya daure.

"Kofur, sa masa ankwa."

Aka tasa ƙeyarsa, yana tafe yana gyara hula, ko waiwaye bai yi ba.

Zailani ya ɗebo ruwa a kofi ya miƙa mata. "Tashi ki tafi gida, 'yata. Ba ki da laifi a wurin hukuma. Yaudarar ki aka yi."

Ba ta karɓi ruwan ba. Hannayenta take kallo.

"Ya ƙi ci, ranka ya daɗe," ta ce. "Ya ce likita ya hana, in mayar. Ni na yi ta kuka ina roƙonsa. Sai ya ce, to share hawayenki, kawo in ci."