Hayaƙin Bayan Shagonta

A taron 'yan kasuwa Auta ya fara ganinta. Ta miƙe riƙe da maganin asmarta, ta dubi mahaifinsa, mai kamfanin ƙanƙara.

"Baba, hayaƙin janaretanku a shagon ɗinkina yake ƙarewa. An kawo muku maganar sola, ko saurara ba ku yi ba. Ku masu kamfani canji ne kawai ba ku so."

"'Yata, ba ƙin canji ba ne," in ji Baba. "Injin da na sani shi na riƙe. In sabon ya gaza, ke za ki ciyar da ma'aikatana?"

Auta bai ji sauran gardamar ba, idonsa na kanta. Washegari ya kai mata riga lafiyayya, wai a gyara masa. Ta jujjuya ta, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Daga nan ya raɗa mata suna Tauraruwa, kullum yana bencin shagon.

Da labari ya kai kunnen Baba, ya ce, "Yarinyar da ta tsinka ni gaban jama'a? Ba dai a gidana ba." Ita kuma yayanta ya rantse mata turo Auta aka yi ya toshe mata baki.

Saƙonta ya shigo wayar Auta: "In don in yi shiru kake sona, ka ƙyale ni. Numfashin ma da ƙyar nake yi, kada ka ƙara min da ciwon zuciya."

Ya rubuta mata: "Tauraruwa, wallahi ba wanda ya turo ni. Har ƙasa na durƙusa wa Baba. Ki ɗaga wayata ko sau ɗaya ne."

Ba ta amsa ba. Abinci ya gagare shi, ya rame, ya koma wucewa ta ƙofar shagon ba ya iya shiga.

Wata azahar ya leƙa, ya tarar da ita kife a kan keken ɗinki, leɓenta ya canja kala. Ya sungume ta yana kiran sunanta. Motar Baba ce mafi kusa, Baban da kansa ya ja su asibiti.

Ta gilashi suke kallonta, robar iska a hancinta.

"Baba, in ta tafi, ban san yadda zan sake taka kamfanin nan ba," in ji Auta.

Sai da ta farfaɗo Baba ya shiga, ya zauna gefen gadon.

"'Yata, har yanzu tsoron solar nake ji. Amma zan gwada, janaretan kuma zai bar bayan shagonki. Ɗana bai yaudare ki ba, ni ma faɗa yake yi da ni a kanki."

Ta nemi Auta da ido, hawaye na zuba. "Rabin raina, ka yafe min."

Ranar aurensu Baba ya dafa kawunansu. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu lafiya."

Yayanta ne ya fara cewa amin.