Furen Bado a Cikin Jarida

"Don Allah, Malam, kada ka ƙona shi."

Sabon malamin da aka kawo gidan adana tsirrai da tsuntsaye ya tsaya riƙe da katakan matse ganye, yana kallon Auta mai shara. Ya ce mata ai ita ma tana jin warin funfuna, kuma doka ce, abin da ya ruɓe wuta ake sa masa kafin ya harbi sauran. Ta ce ta san dokar. Wanda ya koya mata ita, shi ne ya ɗaure igiyar nan da hannunsa, yau wata guda da rasuwarsa, ba ta kuma iya kwancewa ba.

Shi marigayin, Malam Ganye yaran makaranta ke ce masa. Ranar da Auta ta fara aiki ta tarar da busassun ganyaye a kan teburinsa, ta share su tas, ta zuba a kwandon shara. Aikin wata biyu ne. Da ya shigo ya gani sai ya zauna a ƙasa yana dariya har da hawaye, ya ce bai taɓa ganin ɗakin da tsabta haka ba. Daga ranar ya raɗa mata Tsintsiya.

Suna cikin tsince ganyayen ta ɗaga ɗaya ta ce ai wannan tafasa ce, wancan kuma tumfafiya, kakarta ta hana su wasa da ruwanta saboda ido. Ya dube ta da kyau.

"Ni sunan littafi na sani. Ke kin san sunan gida."

Tun daga nan, in motar makaranta ta zo, yakan karɓe tsintsiyar ya tura ta gaban yara. Yaran birni ne, ba su san sunan bishiyar da ke ƙofar gidansu ba. Shi ya buɗe musu akwatunan gilashi, ita ta sa su shinshina, su taɓa, ta ba su labarin tafkin ƙauyensu da furen bado da rabon ta da gani tun tana ƙarama. Ya koya mata karanta ƴan katunan da ake liƙa wa kowane tsiro. Da fensir yake rubutawa, domin tawada ba ta jure laima. Ya koya mata matsi: a shimfiɗa ɗanyen tsiro tsakanin jaridu, a danne da katako, a ɗaure. Kullum sai an kwance an canza jarida har ya bushe. In aka yi fashin kwana biyu, sai ya ruɓe.

Ba su taɓa zama sun ce ga abin da ke tsakaninsu ba, amma kowa ya gani. A gida Yayanta ya ce me za ta yi da mutumin da ke wuni da gawar tsuntsaye. Hajiya mahaifiyarsa kuwa ta zo har wurin aikin, ta kalli Auta tun daga ɗankwali har silifa, ta miƙa mata jaka ta riƙe.

Sai ga tafiyar kwana biyar ta taso masa. Da safen da zai tafi ya kira ta ɗakin baya, ya nuna mata katakan a ɗaure, yana ta murmushi kamar wanda ya yi ɓarna.

"Gobe ki canza jaridar, Tsintsiyata. Ke da kanki, kada ki ba kowa."

Motarsa ba ta gama fita ba Sakatariyar gidan ta same ta tana goge gilashi. Ita ma ta daɗe da sa masa ido. Cikin tausayawa ta ce mata, ƙanwata, ba neman tsiro ya tafi ba, shi da Hajiya ne, za su ga ƴar ƙawarta mai digiri. Ta ce ta faɗa mata ne don kada ta ji a bakin wasu.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta dai ce a ranta, wato shi yana can neman aure, ita tana nan tana shanya masa ganye. Ta rufe ɗakin baya, ba ta ƙara leƙawa ba.

A rana ta uku ya kira ta a waya, da hantsi.

"Kin canza jaridar?"

"Na canza."

"To... me kika ce?"

"Ba ni da abin cewa, Malam."

Sai ya ce, a hankali, ba komai, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

Muryarsa ta ƙarshe ke nan a kunnenta. A hanyar dawowa tayar motarsu ta fashe. Shi da direba ne kawai a ciki, sai buhunan tsirrai a baya. Babu Hajiya, babu ƴar kowa.

Sabon malamin ya saurare ta har ta gama, sannan ya ajiye katakan a teburi ya ce to ta kwance ta gani, kafin a yanke shawara.

Igiyar ta yi tauri, da haƙori ta warware ƙullin. Jaridun sun manne, sun yi baƙi. A tsakiya ga furen bado, babba, ya narke, funfuna ta lulluɓe shi. Allah kaɗai ya san inda ya je ya samo mata shi. A gefensa, daidai inda hannun mai canza jarida zai fara sauka, ga ɗan kati. Laima ta cinye gefensa, amma fensir bai goge ba.

Ta bi da yatsa, baƙi bayan baƙi, kamar yadda ya koya mata.

"Na shawo kan Hajiya. In kin yarda, da na dawo zan turo wajen Yaya. Me kika ce?"

Ta zauna a ƙasa, a wurin da ya taɓa zama yana dariya.

"Na yarda," ta ce wa katin. "Wallahi na yarda, Malam..."

Sabon malamin ya fita ya ja mata ƙofa.

Bai ƙona ba. Ya busar da furen, ya rufe shi a gilashi, ya toshe ko'ina yadda funfunar ba za ta fita ba. Katin kuwa ya ce ba kayan gidan ba ne.

Har yau Auta na nan. In motar makaranta ta zo, takan zaga da yara, su shinshina, su taɓa. A ƙarshe sukan tsaya gaban baƙin furen, su tambaye ta me ya sa aka ajiye ruɓaɓɓen abu cikin masu kyau.

Sai ta ce musu bado ne, fari ne sol da aka kawo shi. Wadda aka bar wa amanarsa ce ba ta canza jarida ba.