Muryar da Take Cewa Wasaf

"Sake kunnawa, Luba! Mu ji amaryar Yaya!"

Aina'u na ƙofar ɗakin Hajiya, mahaifiyar saurayinta Tajuddeen, takalmi ɗaya a cire, ta ji muryarta tana fita daga wayar Luba, ƙanwar Tajuddeen.

"Inna, danna koren nan, shi ne Wasaf. In kin rikice, tambayi Gugul..."

'Yan matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya.

Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige. Saura kwana uku a sa ranarsu, ga Hajiya ta aiko takanas daga Bici tana nemanta. Luba kuwa, da ma ƙawarta take wa kamun yayan nata.

"Hajiya, malamin kwamfuta guda ya auri wadda ko sunan manhaja ba ta iya ba? Wallahi abin kunya ne!" in ji Luba.

Ba rashin iyawa ba ne. Da ta fara tura wa matan ƙauyensu na Tofa darasin waya, da lanƙwasa harshe ta fara, sai matan suka daina saurara. Da ta koma faɗa yadda suke faɗa, saƙon ya zaga gari.

Tajuddeen ya matso, ya rage murya.

"Share hawayenki, sahibata. Ubuntu ma, manhajar kwamfutar nan, kalmar Afirka ce, yadda bakin Bature ya iya yake faɗa. Wa ya yi masa dariya?"

"Ba kai nake tsoro ba..."

"Shigo, 'yata," in ji Hajiya.

Aina'u ta shiga ta durƙusa.

"Muryarki ce wannan?"

"Tawa ce, Hajiya. A yi haƙuri..."

"Allahu Akbar! Ai tun jiya da Luba ta kunna min na shaida ta. Wata shida ke nan maƙwabciyata ta turo min karatunki. Luba kuwa sau goma tana koya min kiran bidiyo, ina buɗe baki sai ta gyara min suna, har na haƙura. Da muryarki na fara ganin fuskar jikana a Madina. Na yi kuka ranar."

Aina'u ta sauke wata ajiyar zuciya, hawayen ma suka canja ɗanɗano.

Luba ta fara sulalewa.

"Tsaya," in ji Hajiya. "Wannan ɗin ba ni da shi. Turo min karatun surukata."

"Ta ina, Hajiya?"

"Ta Wasaf mana!"