Hancin Tsahara da Kujerar Ubanta

"Ka amshi kujerag ga, Lurwanu! So kake a ce ɗana yaron matatai ne?" Inna Saude ta dangwarar da kwanon fura a gabansa.

Lurwanu ya ture kwanon gefe. Surukinsa Alhaji Takama, mai fataucin albasa daga Dogarawa har Abijan, tsufa ya cim masa, ya ce gobe zai naɗa shi darakta. Ita kuwa matarsa Tsahara, 'yar Alhajin, shekara tara tana kula da rudu arba'in, rumbunan karan da ake ajiye albasa, a kan rabin albashin Lurwanu mai rubuta wa Alhajin lissafi, don kawai ita mace ce. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Amma ɗazu ya tarar tana share hawaye da bakin zane, abin ya tsaya masa a rai.

Washegari dangi da direbobi suka taru. Alhaji ya ce, "Mota guda kaɗai ta iso. Darakta, wane rudu za a buɗe?"

Lurwanu ya dubi rudunan, duk kamarsu ɗaya sai ka ce ƙwan zabi. In aka bar mai shirin ruɓewa, wahalar shekara ta tafi. Ga idon Inna a kansa.

"Baba, ban sani ba. Kullum Tsahara ka hwaɗa mini, ni in rubuta."

Inna ta dafe ƙirji. Tsahara ta miƙe tana bin rudunan, tana shaƙar iskar kowanne, har ta tsaya a na sha bakwai.

"Wanga. Kwana ukku ya rage mishi."

Aka buɗe, sai ga albasa jajir, lafiya lau. Baffanni suka kwashe da dariya.

"Ku tona," in ji ta.

Aka tona kamu biyu, sai ɗumi ya taso, ga 'ya'yan ƙasa sun fara jiƙa. Lurwanu ya zuba wa matarsa ido, kamar yau ya fara ganinta.

"Ikon Allah!" Inna Saude ce da kanta.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse, kuma wanda ya danne haƙƙin mace gidansa ya cuta. Alhaji ya kamo hannun 'yarsa.

"Kujera taki ce, da albashinta cikakke. Ni na haihe ki, amma mijinki ya riga ni ganinki."